Ƙwaryar da Na Ƙi Kurɓa

'Yan'uwa maza da mata, da iyayena da ke zaune a gaba, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta sauka a wannan rumfa.

Sunana Nomau. Ni Bamaguje ne, gidajenmu suna can tsakanin nan Gagarawa da Gumel, in ka saki hanyar mota ka bi turbar jakuna. Ban iya magana a gaban jama'a ba, Malam Ishaya ne ya matsa mini. Kuma tun da na miƙe na ga yadda waɗansunku ke leƙen idona, a ga ko da ja a ciki. Ku leƙa da kyau, ba na jin haushi! Ko ɗazu da na shigo, Mama Saratu ta tsare ni da gaisuwa, tana tambayar mutanen gida tana matso da hancinta. Na gane, Mama. Ni ma da haka zan yi. In dai zargi ne babu mai koya mini shi a nan, da shi na kusa rushe gidana.

A wurinmu giya ba abin ɓoyewa ba ce. Da ita ake suna, da ita ake aure, da ita ake binne mutum. In ka kira gayya ba ka dafa giya ba, kai kaɗai za ka wuni da hauyarka. Muna kuma da wata al'ada wadda ko yaro ya sani. Duk maigidan da ya kawo wa mutane giya, shi zai fara kai ƙwarya bakinsa a gaban kowa, ya haɗiye, sannan ya miƙa wa babba. Abin da yake nufi shi ne, ban zuba muku komai ba, in da mutuwa a ciki ni za ta fara ɗauka. Ba matarsa za ta kurɓa ba, ba ɗansa ba, shi da kansa.

Mu biyu uwarmu ta bari, ni da wana Ranau. Shi ya goya ni, shi ya koya mini riƙon hauya. Da tsohonmu ya rasu muka raba gandu lafiya lau, ba wanda ya ji kanmu. Ranau yana sha, amma shi in ya sha kaɗan sai ya kakkaɓe riga ya tashi. Ni kuwa sai na ga gindin tulu.

Sannu a hankali jikina ya fara ba ni labari. In na tashi da safe hannuna yana karkarwa, ko igiyar jaki ba na iya ɗaurewa. Ga amai mai ɗaci, ga faɗuwar gaba ba dalili. Wani lokaci ina zaune sai in ji kamar ana kiran sunana a bayan danga, in fita babu kowa. Amma da zarar na sami ƙoƙo ɗaya na sha, sai karkarwar ta tsaya cak.

To, ku ji wauta! Sai na ce ashe giya ce maganin, ciwon kuwa wani ne ya jefe ni da shi.

Na shiga neman mai jifan. Na lura duk ranar da na sha a gidan Ranau, washegari ciwon ya fi tsanani. Bai zo mini a rai ba cewa a gidansa ne nake cika ciki, don shi ba ya hana ni. A'a. Na ce barbaɗe yake yi mini, in mutu ya haɗe gonata da tasa. Na koma kallon hannunsa in yana zuba giya, ina kallon inda yake ajiye ludayi, ina kallon wuyansa in ya kurɓa.

Ran nan ana sunan jikarsa, gida cike da mutane, har da surukansa. Ranau ya ɗaga ƙwarya ya kurɓa, ya miƙo mini da fara'a. Ni kuma na riga na yi nisa. Na ce, "Yaya, sake kurɓa. Ban ga maƙogwaronka ya motsa ba."

Wayyo, 'yan'uwa! Har mai kalangu ya daina kiɗa. Ranau ya dube ni, ya daɗe yana duba na. Sai ya kafa kai ya shanye ƙwaryar tas, ya kife ta a gabana, ya shige ɗaki. Tun daga ranar hannunmu bai sake haɗuwa a akushi ɗaya ba.

Abin bai tsaya a kansa ba. Matata Kyauta in ta kawo tuwo, sai na gutsura na jefa wa kare, in zauna ina kallonsa, tuwo yana sanyi. Wata rana ta tsuguna a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, har da ni?" Na ce, "Har da kowa." Ta ɗauki murfin akushi ta fita, ina jin ta tana kuka a madafa, ni kuma ina cewa kukan munafunci ne.

Har Maigatari na je ran kasuwa, na sayar da akuya, na tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransi ke mulki, wurin wani boka da ake ta yabo. Ya zuba ƙasa ya tambaye ni wa nake zargi. Na faɗa masa. Ya share ƙasar ya sake zanawa, ya ce, "Mai yi maka, nono ɗaya kuka sha." Na ce kai, wannan mutum ya san aiki! Alhali abin da na ba shi ne ya mayar mini. Ya ƙulla mini gari a tsumma, ya ce in riƙa sha a cikin giya safe da yamma. Na dawo da murna, an ba ni izinin sha da sunan magani.

Da kakar gyaɗa ta zo na kawo tawa nan tashar jirgi. Aka auna, na wuce bayan kasuwa inda kuka sani, na sha na yi tilis. Ban san yadda aka yi ba, sai farkawa na yi da rana tsaka a inuwar wata rumfa, wani baƙin mutum mai gajeren wando yana yi mini fifita. Malam Ishaya ke nan, ga shi nan zaune yana dariya. A lokacin shi ne shugaban leburorin da ke gyaran layin dogo. Ya ce a kan ƙarfe ya tsince ni, kaina a kan layi, jirgin Nguru kuwa ya riga ya yi kuka daga nesa.

Kun san abin da na fara ce masa? "Ina jakina?" Mutum ya janye ni daga bakin mutuwa, ni kuma na ɗauke shi ɓarawon jaki! Ya nuna mini shi a ɗaure yana cin harawa. Ya miƙo mini ruwa a moɗa, na ce ya fara sha. Ya sha, ya ƙara sha, ya ce, "Ya isa, ko in shanye maka?"

Ya zauna ya ce in ba shi labarin abin da ke cin raina. Na kwashe duka na faɗa masa, na Ranau, na Kyauta, na boka. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Nomau, ka zargi wanka, ka zargi matarka, ka zargi ni da ban san ka ba. Akwai wanda kake kai wa baki kullum ba ka taɓa tambayarsa komai ba. Ni ma na yi irin karkarwar nan taka, ba kuwa mai jifa na. Zauna a gidana 'yan kwanaki ba sha, mu ga ko mai jifan naka zai biyo ka nan."

Na yarda ne don in ƙaryata shi, ba don komai ba.

Kwanakin nan ba na fata ko maƙiyina ya gan su. Jiki ya ɗauki rawa, gumi kamar an watsa mini ruwa, abinci ba ya zama. Na zagi Malam, na zagi matarsa, na ce sun tsare ni ne don su sayar wa Turawa. Shi dai in ya dawo daga aiki sai ya durƙusa kusa da tabarmata ya yi addu'a, ni ina leƙensa da ido ɗaya in ga ko zai fito da laya.

Wata safiya sun fita duka, ciwo ya kai ni maƙura. Na san hanyar bayan kasuwa, ba wanda zai tare ni. Na miƙe na kai bakin ƙofa, ƙafa ta ƙi. Sai na faɗi a nan na ce, "Yesu, ban san ka ba, ban kuma yarda da kai ba. Kowa da abin da yake nema a wurina. In kai ma da naka, ka faɗa. In kuwa gaskiya ne kana ceton mutum ba don komai ba, to ga ni, na gaji." Addu'ata ta fari ke nan, ko gaisuwa babu a ciki.

Ya kuwa ji! Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara muku gishiri ba. Barci ne ya ɗauke ni a bakin ƙofar, irin wanda na manta rabona da shi. Da na farka na ji yunwa. Na sha kunu, ya zauna. Yabo ga sunansa!

Na koma gida, kwana ya yi ta tafiya, hannu ya daina rawa. Muryar bayan danga ta yi shiru. Na ji daɗin miyar kuka kamar ban taɓa cin ta ba. Dawar da a dā take ƙarewa a tsiron giya ta zauna a rumbu, ta kai mu har damina. Rana ba ta sake fitowa ta same ni a ɗaki ba. Kyauta ta daɗe ba ta saki jiki ba, in na dawo daga kasuwa sai ta tsaya nesa ta ga irin takuna tukuna. Amma ranar da na ja akushi na ci ban nemi kare ba, ta juya baya tana share ido da bakin zane.

Sai dai da hankali ya dawo, kunya ta biyo shi. Ranau bai daina zama inda yake ba, gonarsa tana jikin tawa, ni kuwa na warke sarai. Ashe bawan Allah bai taɓa yi mini komai ba! Na je ƙofar gidansa don in roƙi gafara, aka ce ba ya nan, alhali ina jin tarinsa.

Da damina ta sauka, ciyawa ta taso wa gerona, na ce zan kira gayyar maimai, in gayyaci Ranau a gaban dangi, a nan in wanke shi. Na ce wa Kyauta ta dama kunu da yawa, a yi tuwo, a yanka ɗan akuya. Sai Gwaggo, ƙanwar tsohonmu, ta zo ta ce, "Kai yaro, gayya da kunu? Jarirai ka gayyata? Ba mai ɗaga hauya. Ni zan dafa giyar a gidana, kai ba ruwanka, in ba ka sha ba wa zai ɗura maka?" Na ga kamar ta kawo dabara. Ban tambayi Malam ba, ban yi addu'a a kai ba. Kuma ni da aka haifa cikin al'adar nan, na manta sarai wa ke fara kurɓa.

Mutane suka zo, Ranau ma ya zo, hauya a kafaɗa, fuska ba walwala. Ganga ta tashi, aka kama aiki, raina fari ƙal. Da rana ta take aka koma inuwar tsamiya. Gwaggo ta cika ƙwarya, ta tako har gabana ta durƙusa, ta sa mini a hannu.

Sai a lokacin na tuna.

Ga kumfa tana tashi, ga ƙanshin ya daki hancina, yawu ya cika mini baki. Ga Ranau zaune a gaba, shi ne babba, shi zan miƙa wa. In na kurɓa, na san kaina, ba a kurɓa ɗaya zan tsaya ba, kafin la'asar na koma inda na fito. In na ƙi, to ni ne mutumin da ya zargi wansa da guba a bainar jama'a, yau kuma ya kira shi gona ya kawo abin da shi kansa ba zai sha ba.

Na ce a zuciyata, "Ubangiji, riƙe mini baki." Na ajiye ƙwaryar a ƙasa. Na ce, "Jama'a, ku gafarce ni, na bar sha. Na bi Yesu. Babu komai a cikin giyar nan, Gwaggo ce ta dafa."

Wani ya ce, "In babu komai, kurɓa mana!" Wani ya ce, "Nomau ya bar giya? Wannan da ke lashe ludayi?" Kyauta ta ruga za ta ɗauka ta sha, aka ce ba ita ce maigida ba. Ranau ya miƙe a hankali ya ce, "Ashe ramuwa ka kira ni, ba gayya ba."

Na ce, "Yaya, don Allah saurare ni."

Ya ce, "Aradu, ko ruwan rijiyarka ba zan ƙara sha ba."

Ni kuma da ruɗewa sai na ƙara ɓata lamarin. Na ce tun da giyar nan ce ta jawo, bari in raba kowa da ita. Na tunkuɗe tulun, ta malale a yashi. Sai aka ɗauki salati irin namu, ana cewa, "Kun gani! Ya zubar don kada a ba kare a gane!" Kowa ya saɓa hauyarsa. Tuwo da nama suna nan a rufe, ko mutum ɗaya bai taɓa ba.

Ni da Kyauta muka ƙarasa maimai, rabin gonar ciyawa ta cinye. Mata suka hana 'ya'yansu karɓar ko ƙuli-ƙuli a gidanmu. In na iso inuwa ana hira, kowa sai ya jawo ƙoƙonsa kusa da ƙafarsa. Maƙwabtanmu Musulmi na ƙauyen gaba sun yaba da barin giyar, amma su ma suna tambaya a gefe, wai me Turawan mishan suka ba ni. Kyauta da kanta ta ce, "Maigida, kurɓa ɗaya fa. Da yanzu muna da dangi." Abin ya yi mini zafi ƙwarai, na kuma san abin da na shuka wa Ranau ne nake ɗanɗana.

Bayan an yi girbi Gwaggo ta kawo mini maganar da Ranau ya yi a gaban dattawa. Ya ce, "Mutum irin Nomau ba ya barin giya. In na kama shi yana sha a ɓoye, to da gangan ya ƙi ƙwaryar nan, akwai abu a ciki. In kuwa da gaske ya bari, sai in san yadda zan yi da bakin da na rantse."

Tun daga nan wana ya zama mai gadina. In na tafi kasuwar Gumel sai in hango shi a rumfar masu igiya, yana taya abin da ba zai saya ba. Ya bi matan da ke dafa giya ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko ina aikowa. In mun yi kiciɓis a turba ba ya amsa gaisuwata, amma sai ya ratso ta inda iska za ta kai masa numfashina.

Ran nan da rani na je gona saran kara, sai ga gora a gindin tsamiya, an toshe bakinta da ganye, kamar wani ya manta. Tun kafin in taɓa na san abin da ke ciki. Ba kowa a fili, ko tsuntsu. 'Yan'uwa, kada wani ya ce muku sha'awar tana mutuwa! Na zauna ina kallon gorar giyar, wata zuciya tana cewa wa zai sani. Na kira sunan Yesu da ƙarfi kamar mahaukaci, na sake kira, har na ji ƙafata ta ɗauke ni. Na rungumi gorar, ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan Ranau.

Yana zaune yana gyaran ƙotar gatari. Na ce, "Yaya, wani ya manta wannan a gonata."

Ya ce, "Ba tawa ba ce."

Na ajiye na juya. Da na waiga, sai na ga ya ɗaga ta yana jijjigawa a kusa da kunnensa, yana duba ganyen bakin ko an taɓa.

Har yau bai yi mini magana mai daɗi ba, ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba. Amma ga abin da na gane. A dā ina neman kalmar da zan wanke kaina da ita, babu. Yanzu kowace safiya da na tashi da idona fari, ita ce shaidata a wurin wana. Ranar da na kurɓa, ko a ƙarshen duniya ne, na zama mai guba har abada. Ubangiji ya san raunina, sai ya sa mini mai tsaro wanda ba ya gajiya, ba na kuma biyansa ko anini.

Na gode wa Yesu da ya ɗauke kaina daga kan ƙarfe. Na gode masa don hannun nan, ku duba, ba ya rawa. Na gode masa don matata da ta daina jin tsoron takuna. Kai da ke zaune kana cewa taka ta yi nisa, ko kana cewa wani ne ya yi maka, ka zo wurinsa yadda kake. Ni da zargi na zo masa, bai kore ni ba. Ku dogara gare shi, ba ya zuba wa mutum komai a ɓoye.

Saura roƙo ɗaya. An gaya wa Ranau wai a nan muna da wani ƙoƙo da muke zagayawa da shi ran Jibin Ubangiji, wai a nan nake shan tawa. Bai san ruwan zoɓo ne a ciki ba, bai kuma san ni ko baftisma ba a yi mini ba tukuna, balle a miƙo mini ƙoƙon. Yau tun da na fito gida yake bin sawuna. Yana nan waje yanzu, a gindin darbejiyar da ke bakin layi, wai yana gyara wa jakinsa akumari.

Don Allah kada ku waiwaya! In ya ga an dube shi zai tafi. Malam, a bar tabarmar ƙofa a ɗage yadda take, ya ga duk abin da muke yi. In an tashi kuma kada a taru a kansa, kada a yi masa wa'azi, kada a ba shi ko ruwa, ba zai sha ba. Ku gaishe shi kawai ku wuce. Sunansa Ranau, wana ne, kuma tun da muka ɓata bai taɓa zama kusa da ni haka ba.

Cikin sunan Yesu. Amin.